Rigar Sanyin Mas'uda

Ranar da abin ya fara, babu wanda zai ce maka akwai wani abu a gidan Malam Ashiru. La'asar ta yi sakaliya, sanyin nan na Roni mai gangarowa daga kan duwatsu ya soma ratsa tsakar gida, kaji na neman wurin kwana. Malam Ashiru na zaune a bakin ƙofar ɗakinsa da rediyo a cinya, ba saurare yake ba, riƙewa kawai yake yi. Yayarsa Goggo Abu, wadda ta tare a gidan tun rasuwar matarsa Mas'uda da damina, tana gaban murhu tana faɗa da ɗanyen itace. 'Yarsa Bahijja kuwa ta ɗauki bokiti da guga za ta zaga bayan gida, inda lambun mahaifiyarta yake.

Lambun ba wani babba ba ne. Ɗan fili ne tsakanin bayan ɗakuna da katanga, da rijiya a gefe, da itacen lemun tsami guda. Amma shekara da shekaru, da zarar an gama girbi sanyi ya leƙo, Mas'uda za ta tayar da fangula, ta zuba takin awaki, ta kwance ƙulle-ƙullen tsummokaran da take adana iri a ciki. Albasa, salak, karas, tumatir, da lansir wanda ba ya son komai sai sanyi. Ta rufe irin da busasshiyar ciyawa har ya tsiro, ta barbaɗa toka saboda tsutsa, ta kafa wa tumatir sanda. Ba ta ba da ruwa sai da yamma. Kuma tana da wasu halaye biyu da mijinta ya sha yi mata tsiya a kai: ba ta shiga lambun sai ta yi sallama, alhali babu kowa a ciki, in ta shiga kuma ta dinga magana ke nan ita kaɗai har a kira magariba. Shi Malam Ashiru, duk tsawon aikin da ya yi a sakatariyar ƙaramar hukuma har ya yi ritaya, bai taɓa sanin bambancin ganyen karas da ciyawa ba. Cin salak ɗin dai ya iya.

Bahijja ita ce 'yar fari, ita ce kuma kaɗai ta rayu. Mas'uda a rugar kakanninta ta tashi, can wajen Gwiwa, ta zo gidan miji da alkunyar Fulani cif: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. "Ke" take ce mata, ko "'yar nan", in kuma da baƙi "waccan". Bahijja ta san al'ada ce, ba ta taɓa cewa komai ba. Amma Allah ya sani abin yana ci mata rai. Har daren ƙarshe a asibiti a Kazaure tana zaune a gefen gado tana jira, ko sau ɗaya. Abin da ta samu shi ne, "Ke, ba ni ruwa."

Da sanyin bana ya shigo, ba wanda ya sa ta, ta kwance tsummokaran irin ta shuka. An raba kayan mamaciya tun bayan arba'in, sai wata tsohuwar rigar sanyi koriya mai faci a gwiwar hannu, wadda Mas'uda ba ta sawa sai in za ta lambu. Ita Malam Ashiru ya hana a taɓa, tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa. To a wannan yammacin sanyi ya yi yawa, Bahijja ta tsaya a gaban rigar ta daɗe, sannan ta cire ta ta sa. Ƙanshin toka da ganyen tumatir na nan a jikinta. Ta shiga lambun ba sallama.

Ladan bai kai ƙarshen kiran salla ba aka ji tim a kan kwanon rufi. Aka ƙara. Goggo Abu ta miƙe da muciya a hannu tana cewa yau sai ta ci mutuncin 'ya'yan maƙwabta. Amma abin da ya gangaro daga rufin ba dutse ba ne, dunƙulen ƙasa ne jiƙaƙƙe, da ɗan tsiron salak a jikinsa. Kaji suka yi tsit. Hayaƙin murhu ya miƙe sak. Suna tsaye suna kallon juna sai ga Bahijja ta fito daga bayan gida, ba bokiti ba guga, ta wuce su ba ta dubi kowa ba, ta shiga ɗaki ta kwanta da rigar a jikinta.

Washegari ba ta ci komai ba. Kashegarinsa ma sai ɗan kunu. Da rana tana nan kamar mai zazzaɓi, in ka tambaye ta ta ce gajiya ce. Amma da zarar inuwar katanga ta rufe tsakar gida sai ta miƙe, ta nufi lambu ba takalmi, dunƙulen ƙasa ya soma sauka a kan kwano. In an yi yunƙurin cire mata rigar sai ta ƙanƙame ta da ƙarfin da ba nata ba. Goggo Abu ta turara abin da ta sani, ta kunna karatu a waya, ta tofa ta shafa. Abin bai ko gezau ba.

Wata yamma Malam Ashiru ya bi ta a baya da niyyar ya dawo da ita. Yana kaiwa kusurwar ɗaki ya ji an ce, "Salamu alaikum, mutanen gida." Ya tsaya cak. Ba muryar Bahijja ba ce. Murya ce mai ɗan kauri, mai jan ƙarshen magana irin na Fulanin Gwiwa, muryar da ya yi shekaru yana farkawa da ita. Ya leƙa. Bahijja na tsugune a bakin fangalin albasa, idanunta a buɗe ba sa kallon komai, bakinta na motsi.

"Ke albasa, kin cika son ruwa, ruɓewa za ki yi. Wai, kajin nan sun gama da ni. Bari in rage wa karas ɗin nan cunkoso, kowa ya samu wurin miƙe ƙafa. Yau Malam ya fita ba hula, ga sanyi, in na yi magana ya ce na cika mita."

Allah sarki. Dattijo da furfurarsa ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, ya toshe bakinsa da hannun riga. Bai dawo da ita ba. Ya zauna yana saurare har duhu ya rufa, har aka idar da sallar magariba a masallaci ba da shi ba. Can a tsakiyar maganar sai muryar ta yanke, wata ta daban ta fito, siririya, kamar ta mai koyon magana, ta ce, "Ina take?" Bai amsa ba. Can sai muryar Mas'uda ta dawo ta ci gaba da zancen tumatir.

Daga ranar ya zama kullum. Shi da bai taɓa shiga lambun ba, ga shi da kujerar roba a gindin lemo tun kafin rana ta faɗi. Ya gwada ɗaukar muryar a wayarsa, da ya kunna ba abin da ke ciki sai numfashin Bahijja da motsin ganye. Ya san ba Mas'uda ba ce. Mutum ne mai karatunsa daidai gwargwado, ya san wanda aka binne ba ya dawowa lambu. Amma ya ji ta tana dariya, ya ji ta tana ƙorafin ciwon baya da ba ta taɓa gaya masa ba, ya ji ta tana yi masa addu'a a kan fangalin salak. In Goggo Abu ta ce a nemo malami, sai ya ce a ɗan dakata, ai da sauƙi. Wane sauƙi? Yarinya na ƙarewa a tsaye. Wuyanta ya zama siriri, leɓunanta sun tsattsage, tafin ƙafarta ya fashe saboda tsayuwa a jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin sanyi. Lambun ne kaɗai ke ƙiba a gidan, albasa ta yi kore shar, lansir ya cika fangalinsa.

Ranar da Bahijja ta faɗi a bakin randa da rana tsaka, Goggo Abu ta same shi a ɗaki ta janyo ƙofa.

"Ashiru, dube ni nan. Na goya ka, ba za ka yi mini wayo ba. Na san abin da kake zuwa ji a bayan gidan nan."

"Yaya, ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Ni ma na ji ta, ni ma na yi kuka. Amma da bakin wa take maganar? Da jinin wa? Ka binne ɗaya da damina, so kake ka binne ta biyu kafin sanyi ya ɗaga? Ka ji tsoron Allah."

Ba ta jira amsarsa ba. Da asuba ta yafa mayafi ta hau babur zuwa tasha, da azahar sai ga ta da Malam Jalaluddeen na Kanya Babba, wani dattijo gajere mai sanyin magana wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Ba ya ɗauke da komai sai carbi da gorar ruwa. Ya duba yarinyar, ya zaga lambun, ya tsaya a gindin lemo ya daɗe. Ya ga kujerar roba, ya dubi maigidan, bai yi tambaya ba. Ya ce a shimfiɗa tabarma a nan, a jira lokacinta.

Inuwa ta rufe katanga. Sanyi ya sauko. Bahijja ta taso daga ɗaki tana jan ƙafa, Goggo Abu ta tare ta ta zaunar da ita a tabarma ta riƙe kafaɗunta. Malam Jalaluddeen ya fara karatu, a hankali, ba tsawa ba gaggawa. Dunƙulen ƙasa ya sauka a kan kwano, ya sake sauka, sannan ya tsaya. Ganyen lemo ya daina motsi. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, ta sunkuyar da kai, sai siririyar muryar nan ta fito.

"Ka daina. Yana ƙona ni."

"Zan daina in kin amsa. Wace ce ke?"

"Ba ni da suna a bakinku. A duwatsu nake. In sanyi ya zo nakan sauko gindin itacen nan, akwai ɗumi kusa da rijiya."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ta sa rigar. Na zo na ga rigar, na ji ƙanshin, na jira sallama ba a yi ba. Na yi jifa a kula ni, ba a kula ni ba. Sai na shiga in duba ko tana ciki." Muryar ta karye. "Ba ta ciki. Tun da nake, mutum ɗaya ne ya taɓa yi mini sallama. Ba ta san ina nan ba, amma kullum sai ta yi. A bakinta na koyi maganarku. Ina kuka kai ta? Na tambayi wancan, kullum ina tambayarsa, ba ya amsawa."

Malam Jalaluddeen ya juya ya dubi Malam Ashiru. "Malam, ba ni zan faɗa mata ba. Matarka ce."

Tun ranar jana'iza mutumin nan bai taɓa furta kalmar da bakinsa ba. "Da ba ta nan" yake cewa, ko "tun abin da ya faru". Ya dafa bakin rijiya. Da ƙyar ya ce, "Ta rasu. Mas'uda ta rasu tun da damina. Da hannuna na sa ta a kabari."

Kukan da ya fito daga ƙirjin Bahijja, wanda ya ji shi ba zai so ya ƙara ji ba. Ba ihu ba ne, wani dogon nishi ne siriri da ya ƙi ƙarewa, har awakin maƙwabta suka ɗauka. Goggo Abu na riƙe da ita tana salati tana hawaye. Malam Jalaluddeen ya bari sai da ya lafa, sannan ya ce, "Kin ji gaskiya. Wadda kike nema ba ta nan, kuma wannan jikin ba naki ba ne. Zalunci kike yi wa 'yar wadda ta girmama ki. Ki fita."

Sai kan yarinyar ya ɗago a hankali, ya juya wajen mahaifinta.

"Kai. In na fita, muryarta ta ƙare a duniya. Ni kaɗai nake da ita. Abin da ka ji kaɗan ne, ina da na shekaru. Akwai na lokacin da kuke sababbin aure. Akwai na shekarar da ka yi jinya. Ka bar ni zuwa lokacin da albasa za ta nuna, in faɗa maka duka, sannan in tafi."

"Yarinyar nan ba za ta kai nunar albasa ba," in ji Malam, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Malam Ashiru, ni zan ci gaba da karatu ko ka so ko ka ƙi. Amma in na kore ta yau, gobe ka kawo kujera ka zauna jiranta, za ta dawo. Kai ne ƙofar."

Sai muryar ta sauya, wallahi kamar Mas'uda na tsugune a gaban mijinta da fartanya. "Malam, ka ci abinci kuwa?"

Malam Ashiru ya runtse ido. Ba abin da yake so a duniya a wannan lokacin kamar ya amsa. Da ya buɗe idon, sai ya sauka a kan hannun da ya fito daga cikin koriyar rigar. Hannun 'yarsa ne, ya zama kamar sillen kara, farcen cike da ƙasa. Ya tuna ranar sunanta, da uwar ta kawar da kai don kunya, shi ya karɓe ta ya sa a ƙirji. Ya durƙusa a bakin tabarmar ya riƙe hannun.

"Ki tafi," ya ce. "Don Allah ki tafi da ita duka. Ki bar mini 'yata."

Can siririyar muryar ta ce, "To ina da sharaɗi."

"Ba jini, ba turare, ba ajiye miki komai," in ji Malam.

"Ba na so. Kada a bar lambun ya bushe. Wanda zai shiga kuma ya yi sallama."

"Sallama sunna ce, shayar da shuka kuma lada ne. Za su yi don Allah, ba don ke ba. Ke kuma ki yi alkawari ba za ki ƙara shiga jikin ɗan Adam ba."

"Na yi. Ba zan ma ƙara saukowa ba, me zan zo yi?" Ta juya wajen maigidan. "Akwai magana guda ɗaya da ba taka ba ce, Malam Ashiru. Ba ta faɗinta sai ta leƙa ta tabbata ba kowa. Zan ajiye ta a nan, ba zan iya ɗaukarta ba."

Muryar Mas'uda ta zo ta ƙarshe, ƙasa-ƙasa, da 'yar dariya a ciki irin ta mai satar abu mai daɗi.

"Bahijja. Bahijjata. Kai, sunan nan da daɗi. Lansir ɗin nan nata ne, kada kowa ya taɓa, ita ke son sa da ƙuli. Bahijja. Allah ka raya mini ita."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki a hannun Goggo Abu. Ganyen lemo ya motsa sau ɗaya ta wajen katanga. Daga masallaci aka ta da kiran magariba, Malam ya shafa mata ruwa a fuska, ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa.

Ta ɗauki makonni kafin ƙarfinta ya dawo. A tsawon lokacin Malam Ashiru ne ke jan guga. Ya cika wa albasa ruwa har wasu suka ruɓe, ya tuge karas da yawa da sunan ciyawa, Goggo Abu na yi masa tsiya daga bakin murhu. Kullum in zai shiga sai ya yi sallama, kullum kuma sai ya ɗan tsaya bayan ya yi. Ba abin da ke amsawa. An wanke rigar an ba wata tsohuwa sadaka, kujerar roba ta koma tsakar gida.

Wata yamma Bahijja ta fito ta same shi tsugune a fangalin lansir yana yanka da wuƙa, ya tara a faranti. Ta tsuguna kusa da shi. Ba ta tuna komai na kwanakin nan, sai abin da aka gaya mata.

"Baba, Goggo ta ce da muryar Inna ake maganar."

"Haka ne."

"Kowa ya ji ban da ni." Ta tsinki ganye ɗaya tana murzawa. "Me take cewa?"

"Zancen albasa. Da kaji. Da hulata." Ya ajiye wuƙar. "Ta ce lansir ɗin nan naki ne, kada kowa ya taɓa. Kuma ta faɗi sunanki."

Hannun Bahijja ya tsaya. "Sunana? Inna?"

"Ashe kullum tana faɗa, a nan, in ba kowa."

Ta daɗe tana kallon ƙasa, hawaye na ɗiga a kan ganyen. Sannan ta ce, "Yaya ta faɗe shi, Baba?"

Ya gyara murya. Yana jin yadda take a kunnensa sarai, da jan ƙarshen, da 'yar dariyar. Ya buɗe baki ya gwada, abin da ya fito muryar tsoho ce mai rawa, ba ta yi kama da ita ba ko kaɗan.

"Bahijjata."

"Sake faɗa, Baba."

Ya sake faɗa. Suna nan tsugune har ruwan fangalin ya gama tsotsewa, Goggo Abu ta leƙo ta ce su shigo haka nan, sanyi ya sauko.